Yadda Na Kai Baba Ganin Babban Kifi

Ni ɗan masunta ne, amma tsoron ruwa nake ji, kuma gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. A Gaya aka haife ni, ta kusa da iyakar Benin, bakin kogin Isa. Mahaifina, Malam Mamman, ya yi shekara hamsin cikin kwalekwale, ya kama giwan ruwa wanda sai mutum biyu suka ɗauka, ya yi farautar ayu tun zamanin da ba a hana ba. Ni kuwa ko ƙetare kogi za a yi, sai in zauna a tsakiyar jirgi in runtse ido. Kullum cewa yake albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma ban taɓa musa masa ba.

Ranar da na sauka ƙasar nan ta Amurka, ɗan garinmu da ya yi alkawarin tarbata ya ce in shiga jirgin ƙasa in sauka a tashar ƙarshe, Largo, yana nan yana jirana. Na sauka da hantsi. Har la'asar ina tsaye da jaka, wayarsa a kashe, kuma har yau ɗin nan ban sake jin muryarsa ba, Allah ya isa tsakanina da shi. Wata dattijuwa da kayan aikin jinya ta wuce ta ji ina zaginsa da Hausa ni kaɗai, ta dawo da baya ta ce, wannan zagi haka da yunwa? Ita ce Mma Ramatu, ƴar Zangon Kumasi. Ta kai ni Landover, ta ciyar da ni wake da shinkafa, ta damƙa ni hannun mutanen masallaci. Tun ran nan ɗana take ce mini, ni kuma Mma, wato uwa.

Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi dakon kwali a kanti, har Allah ya sa na sami permi, wato lasisin tuƙi, na fara tuƙa motar kai marasa lafiya asibiti a Largo. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Kewar gida kuwa, ta hanci take kama ni. Akwai wani shago a Landover da ake sayar da kifi banda, sai in shiga in tsaya kusa da kwalin kamar mai neman wani abu, in shaƙa in fita. Ni da na gudu daga kifi, ga ni ina bin warinsa a Amurka.

Bara ne na samu na kawo Baba don a duba idonsa. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana dushewa. A gida kowa ya ce yanar ido ce, a kankare ta a huta, shi ma da wannan ya hau jirgi. Lokotoron, wato likitan, ya haska, ya auna, ya sake haskawa, sa'an nan ya juyo wurina ya yi bayani mai tsawo. Ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, ya cinye jijiyar tun da daɗewa. Abin da ya rage ɗan ƙanƙani ne, kamar mai leƙe ta ƙofar allura, kuma magani sai dai ya jinkirta, ba ya dawo da abin da ya tafi. Ya tambaya ko a kira mai fassara ta waya. Na ce a'a, ni ɗansa ne, ni zan faɗa masa.

Baba ya ce, “Me ya ce, Hamisu?”

Na ce, “Da sauƙi, Baba.”

To me zan ce? A wurinmu ba a duban tsoho a ce masa za ka makance. Ko rasuwa aka yi, sai a ce jiki ya yi tsanani, a bar mutum ya iso gida. Na faɗi abin da aka koya mini. Da na gaya wa Mma Ramatu, ta ce ita shekara ashirin tana jinyar tsofaffi, ba ta taɓa ganin wanda aka ɓoye wa ya gode ba. Na ce zan faɗa masa, sai na sami lokaci. Ta ce lokacin yana cikin aljihuna ne? Saura kwana goma Baba ya koma Gaya.

Zaman gida ya ishi Baba. Mutumin da ya saba da faɗin kogi, an ajiye shi a bene na uku yana sauraron injin ɗumama ɗaki. Wata ranar Talata na dawo aiki na tarar ya ja kujera har hancinsa na kusan taɓa talabijin. Ana nuna wannan dabbar teku da Turawa ke kira wel, tana tasowa tana feso ruwa sama. Ya tambaye ni ko wannan shi ne irin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa. Na ce haka malamai ke cewa. Ya tambayi girmansa, na ce ya fi motar bas. Ya yi tsaki ya ce in ji tsoron Allah. Da na rantse masa cewa akwai wani ɗan gari a bakin teku, Cape May, inda ake shiga jirgi a je a gan shi, sai ya gyara zama ya ce gani ya kori ji, idan ido ya warke in kai shi.

Idan ido ya warke. Wallahi sai da na shiga banɗaki na wanke fuska. Na fito na ce masa ba sai mun jira ba, ran Asabar za mu. A zuciyata na ƙudura cewa ɗan hasken da ya rage masa, da wannan kifi zai cika shi, in ya so daga baya in faɗa masa gaskiya. Ko teku za ta juye da ni, sai ya gani.

Murna kuwa kamar yaro zai je salla. Ya sa aka goge masa babbar rigarsa shuɗiya. Mma Ramatu ta kawo wata ƙatuwar rigar sanyi ta marigayi mijinta, da ɗanyar citta a leda, ta ce cittar tawa ce, ta san halina da ruwa. Ta ja ni gefe ta ce idan na dawo ban faɗa masa ba, kada in ƙara ce mata Mma.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Watan Oktoba ne, gari ya fara sanyi. Har Annapolis lafiya lau, Baba yana ba ni labarin wata dorina da ta taɓa kifar da su kusa da iyakar Benin. Sai ga gadar Chesapeake. Duk tuƙin da nake yi shekara da shekaru, na san hanyoyin kauce wa wannan gada, yau ga ni a kanta. Tana hawa sama tana lanƙwasa, ruwa dama ruwa hagu, ba ka ganin ƙarshenta. Na riƙe sitiyari har yatsuna suka yi sanyi, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci. Baba ya sauke gilashi ya shaƙi iska ya ce wannan ruwa gauraye ne, rabi kogi rabi gishiri. Sa'an nan ya ce in daina karatu da ƙarfi, ina firgita kifaye.

Bayan gada sai gonakin masara da dogayen ɗakunan kaji, ƙasa shimfiɗe har Lewes. Can muka shigar da mota cikin wani jirgin ruwa mai cin motoci kamar garejin kasuwa. Baba ya ƙi zama a ciki. Ya sa na kai shi sama, ya dafa ƙarfe, iska na kaɗa masa riga, yana tambayata ina ɗaya gaɓar. Na ce ba a hango ta tukuna. Ya ce Allahu akbar, ashe Isa ɗan rafi ne. Ni dai citta nake taunawa, ina kallon takalmina.

Cape May gari ne ƙarami, tsaf, gidajen katako masu fenti kala-kala, ko'ina hoton kifin nan, a jikin riga, a jikin kofi, har a ƙofar wurin sayar da alewa. Tashar jiragen kuwa, da muka isa na ji kamar an mayar da ni gida: igiyoyi, taru a shanye, ƙarnin kifi, tsuntsaye suna faɗa a kan hanji. Baba ya tsaya ya shafa wani taru da hannu, ya ce saƙar inji ce amma ba laifi. Muka yi alwala da ruwan gora mai sanyin tsiya, muka haɗa azahar da la'asar a bayan mota.

Da muka hau jirgin, ya sa na zaga da shi gaba da baya. Yana taɓa wannan, yana taɓa wancan. Can ya matso kunnena ya tambaya a hankali ina suke ajiye zago, wato babban mashin da ake sukan dorina da shi. Na ce babu zago. Ya ce to da me za a kama? Na ce ba kamawa za a yi ba, kallo kawai. Ya sake tambaya ko duk mutanen nan, su wajen cikin babbar mota biyu, sun bar aikinsu ne don su kalli kifi su koma gida hannu rabbana. Na ce har da mu. Ya yi dariya har da tari, ya ce idan ya faɗi wannan a Gaya za a ce tsufa ya taɓa shi.

Kafin jirgi ya tashi ya kafa mini doka irin tasu. A kan ruwa ba a kiran babbar dabba da sunanta, mai gida ake ce mata. Ba a kuma nuna ta da yatsa, don rashin kunya ne, nutsewa take yi ta ƙi dawowa. Na ce to. Ban gaya masa cewa Turawan nan da yatsa da ihu suke tarbarta ba.

Muna fita bakin tashar teku ta nuna mini ko ni wane ne. Jirgi ya hau, ya faɗa, ya karkata. Cittar Mma Ramatu ta yi iya ƙoƙarinta na rabin awa, daga nan sai na rungumi ƙarfe na mayar da shayin safe da duk abin da ya biyo bayansa. Wata mata mai furfura, wadda ke riƙe da lasifika tana yi wa mutane bayani, ta kawo mini busasshen biskit da ruwa, ta ce in kalli nesa, kada in kalli ƙasa. Sunanta Linda, shekararta talatin a jirgin. Ta dubi Baba, yana tsaye ko dafawa bai yi ba, gwiwoyinsa na bin jirgi, ta ce wannan mutumin ruwa ne. Na ce mata ubana ne. Ta kalle ni, ta kalle shi, ta yi kirki ta wuce.

Awa ɗaya ta wuce. Muka ga wasu ƙananan dabbobi masu tsalle suna bin jirgi, mutane suka yi ta ɗaukar hoto, Baba ya ce waɗannan yara ne, ina mai gidan? Awa biyu, shiru. Ruwa toka-toka, sama toka-toka. Sai na ji Linda ta lasifika tana cewa teku ba gidan zu ba ne, wata rana a gani wata rana ba a gani, nan da ɗan lokaci za mu juya, wanda bai gani ba yana iya dawowa wani karon. Wane wani karon? Baba ya tambayi abin da ta ce, na ce ta ce an kusa. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko saurin fitowa.

Ina cikin wannan baƙin ciki sai na ga ya ɗaga kai. Ya cire hular sanyin da na sa masa, ya buɗe kunnuwa, ya juya fuska yana shaƙar iska a hankali. Ya ce in saurara, tsuntsaye sun canza kuka. Ni ban ji komai ba sai inji. Ya ce akwai ƙananan kifi masu mai da yawa a wajen hagu, ana cin su, man ya taso saman ruwa, yana jin ƙamshinsa. Ya ƙara shaƙa, sai ya damƙi hannuna.

“Mai gida yana nan. Hagu, can baya. Ya yi numfashi, na ji warin bakinsa.”

Na ce Baba ka tabbata? Ya ce shi da ya kwana arba'in yana bin ayu ɗaya ta numfashi, ni zan tambaye shi? Na nufi wurin Linda ina layi kamar mashayi, na ce mata tsohona ya ce a duba hagu ta baya. Na zaci za ta yi mini murmushin da ake yi wa mahaukaci. Sai ta ɗaga madubin hangen nesa ta daɗe tana kallo, ta yi magana da direban jirgin ta ƴar rediyo. Jirgi ya rage gudu, ya fara juyawa.

Muka tarar da tsuntsaye suna faɗawa ruwa kamar ana jifa. Aka kashe inji. Kowa ya yi tsit. Ni na manta da amai, na manta da tsoro, na ja Baba har bakin ƙarfe na tsaya a bayansa na riƙe kafaɗunsa, ina saita masa fuska wajen da ruwan ke tafasa.

Sai ruwa ya tsage. Wani irin huci ya fito, fuuu, mai ƙarfi har na ji shi a ƙirjina, feshi ya tashi sama ya fi tsayin ɗaki, iska ta kwaso shi ta watsa mana a fuska. Wari kuwa, subhanallahi, kamar kasuwar kifi da rana tsaka. Bayansa ya biyo, baƙi, yana sheƙi, yana fitowa, yana fitowa, abin ya ƙi ƙarewa. Mutane suka kaure da ihu. Ni ma na ɗaga hannu zan nuna, Baba ya buge shi ƙasa ba tare da ya waiwayo ba. Ya ɗaga murya ya ce, “Sannu mai gida. Baƙi ne, gaisuwa muka zo.”

Sau uku yana tasowa. A na biyu ya buɗe baki ya kwashi kifi da ruwa, tsuntsaye na tashi daga gefen leɓensa. A na uku ya zo daf da jirgi har na ga ƙuraje a haɓarsa, sa'an nan ya lanƙwasa, ya ɗaga wutsiya sama, ruwa na zuba daga gefenta, ya shige a hankali. Ina tsalle, ni Hamisu, a kan teku. Ina girgiza Baba ina cewa ka gani, ka gani? Ruwa na gangara a gemunsa, yana murmushi, ya ce ya gani, alhamdulillahi. Linda ta zo ta kama hannunsa da hannu biyu, ta faɗa ta lasifika cewa wannan dattijo daga Afirka shi ya samo mana kifin yau. Aka yi masa tafi, wasu suka nemi hoto da shi. Ya gyara babbar riga ya tsaya musu kamar ya saba.

Daɗi ya cika ni har ban san lokacin da muka dawo tasha ba. Na sayo mana soyayyen kifi da dankali a takarda, muka zauna cikin mota muna fuskantar ruwa, rana ta yi ƙasa. Ya ci, ya ce kifin ba laifi amma an kashe shi da gari, yaji ma babu. Ina ta zuba surutu, ina cewa yau burina ya cika. Ya bar ni na gama, ya goge hannu, ya ce in kashe rediyo.

“Hamisu, faɗa mini yadda yake.”

Na ce wa? Ya ce mai gida. Ya ce ya ji numfashinsa, ya ji nauyinsa lokacin da jirgi ya karkata, ya sha feshinsa, amma abin da idonsa ya ba shi wani duhu ne ya gifta cikin hazo, shi ke nan. Sai a lokacin na tuna yadda ya riƙa kawar da fuskar da nake saita masa, yana miƙa kunne wajen ruwa.

Na ajiye takardar kifin. Ya ce idan ya koma, duk masuntan Gaya za su taru a ƙofar gida su tambaye shi, kuma ba zai ce musu ya je har can ya dawo da wari kaɗai ba.

“Ka faɗa mini dalla-dalla, daga kai har wutsiya. Kada ka yi mini irin fassarar asibiti. Mutum ya yi magana har ya sha ruwa ya ci gaba, kai ka ba ni kalma biyu.”

Hawaye suka zubo mini, na bar su. Na fara daga feshin. Na faɗa masa baƙin bayan, da farin da ke ƙarƙashin haɓa mai layi-layi, da dogayen fikafikai farare, da ƙurajen. Yana tsayar da ni yana tambaya. Faɗin wutsiyar ya kai tsawon kwalekwalensa? Na ce ya kusa. Ya ce in faɗi gaskiya, ya kai ko bai kai ba? Na ce bai kai ba, saura kamar kamu biyu. Ya gyaɗa kai, ya maimaita duka da bakinsa tun daga farko, inda ya yi kuskure na gyara masa, har ya zauna masa daidai.

Ya jingina da kujera, ya miƙo hannu yana lalube har ya sami nawa, ya riƙe.

“Madalla. Ashe ka iya ba da labari. To, yanzu na lokotoro, shi ma daga kai har wutsiya.”

Na share fuska da hannun riga, na ce bismillahi, na fara daga jijiyar.